Tambayoyi da Amsoshi: Tsara Mahangan Zanen Bene Mai Hawa da Yawa a Revit, ArchiCAD da AutoCAD

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da masu bautar ƙasa da sababbin ma'aikata suka fi yi mini idan aka fara ɗora su a kan aikin bene. Ƙaramin gida na ƙasa yakan rufa wa mai zane asiri, tunda komai na gabansa a shafi ɗaya. Da zarar hawa ya kai huɗu ko biyar, sakacin da aka yi wajen jera zane sai ya fito fili. Duk amsoshin da ke ƙasa na gina su ne a kan mutum ɗaya: wanda zai riƙe takardar a wurin gini, rana na dukansa, lebura sun riga sun kwaɓa kankare suna jiran ya ce ga inda za a zuba.

Mece ce mahanga, kuma me ya raba ta da zane?

A kan allon zane na da, kowace takarda zaman kanta take yi. Idan ka matsar da bango a fulan, sai ka bi zanen fuska da zanen yanka ka gyara su ɗaya bayan ɗaya. AutoCAD, wanda ya fito a 1982, ya sauƙaƙa jan layi amma bai sauya wannan ɗabi'a ba. ArchiCAD na kamfanin Graphisoft da ke Hangari, da kuma Revit wanda ya fito a 2000 kafin Autodesk ya saye shi a 2002, sun zo da wata hanya dabam. Gini ɗaya tak kake ginawa a cikin kwamfuta. Fulan da zanen fuska da zanen yanka da fulan silin duk wuraren tsayawa ne da kake leƙen wannan ginin daga gare su. Su nake kira mahangai.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, idan ka goge bango a mahanga ɗaya don ya tare maka gani, ka rushe shi ne a ko'ina. Wanda bai riƙe wannan ba, sauran bayanin ba zai zauna masa ba.

Ta ina zan fara idan an ba ni aikin bene mai hawa shida?

Daga lebul, wato layin da ke nuna tsayin da kowane hawa yake, kafin ka ja bango ko ɗaya. A Revit za ka buɗe zanen fuska ka shimfiɗa lebul-lebul ɗinka daga fandisho har rufi. A ArchiCAD akwai wurin saita hawa-hawa, inda za ka rubuta tsayin kowanne. Bayan su sai layukan giridi, waɗanda ake jera filoli da bango a kansu. Ka ɗaure kan kowane bango da kowace fila a lebul ɗin da ke sama da su, kada ka rubuta musu tsayi da hannu. Ranar da mai gini ya ce a ƙara wa shagunan ƙasa tsayi daga milimita 3,300 zuwa 3,600, lebul kawai za ka ɗaga, bangon ya bi shi. Matakala ce kaɗai za ka koma ka duba da idonka: idan tsayin kowane taki milimita 150 ne, taki 22 ya koma 24 ke nan, kuma sai an samar wa biyun nan wuri a ƙasa.

Wani abu da ke rikita sababbi a Revit: idan ka kwafi lebul maimakon ka zana shi, ba ya zuwa da fulan ɗinsa. Za ka ga kansa baƙi ne, alhali masu fulan shuɗi ne. Ba lalacewa ya yi ba. Je ka wurin ƙirƙirar fulan ka zaɓe shi.

Wane suna zan ba kowane hawa? Na ƙasa shi ne na ɗaya ko kuwa?

A nan zan daɗe, domin nan ne na ga an fi yin asara.

Nijeriya da Gana sun gaji lissafin Ingila: na ƙasa sunansa na ƙasa, wanda ke kansa shi ne na ɗaya. Nijar da Chadi suna bin na Faransa, wanda a wannan fanni daidai yake da na Ingila, shi ya sa a Maraɗi ko Damagaram za ka ji an ce gini R+2, wato ƙasa da hawa biyu a kai. Amurka kuwa na ƙasan shi take kira na ɗaya. To, Revit ɗan Amurka ne, kuma fayilolin farawa da yake zuwa da su da yawa suna buɗewa da Level 1 da Level 2. Ga kuma Hausarmu, wadda ita ma ba ta yanke hukunci ba. Idan mutum ya ce yana son bene mai hawa uku, wani yana nufin har da ƙasan, wani yana nufin uku ban da ƙasan. Ka tambaye shi dakin nawa za a zuba, a nan ne za ku fahimci juna.

Na taɓa ganin aikin da mai zane ya bar sunayen da manhaja ta ba shi, injiniya kuma ya yi nasa lissafin da tsarin Ingila. Takardar mai zane mai lamba biyu da takardar injiniya mai lamba biyu ba hawa ɗaya suke nufi ba. Mai aikin famfo ya bi ta farko ya bar ramukan bututu a dakin, a gurbin banɗakin da ke wani hawan. Da aka gano, kankare ya riga ya kama, sai da aka sa guduma da kurfi. Babu wanda ya yi ganganci a cikinsu, kowa ya karanta abin da aka ba shi daidai.

Don haka ka fara kowane suna da lamba mai gurbi biyu: 00 na ƙasa, 01 na kansa, 02, har zuwa 10 da 11, sannan ka biyo da kalma. Ka'idar Birtaniya ta BS 1192, da ƙarin da Birtaniya ta yi wa ka'idar duniya ta ISO 19650 ta 2018, sun yi amfani da irin wannan: B1 ga hawan ƙarƙashin ƙasa, M1 ga ɗan benen da ake ratayawa a tsakiyar hawa, ZZ ga zanen da ya shafi hawa da yawa, XX ga wanda bai shafi kowane hawa ba. Lambar tana da wani amfanin kuma. Kwamfuta da haruffa take jera suna, ba da tsayi ba. Idan ka rubuta sunayen da kalmomi zalla, za ka tarar na huɗu ya riga na ƙasa, rufi kuma ya faɗo tsakiya. A ArchiCAD wannan bai cika damu ba, don shi da kansa yake lambata hawa, yana ba na ƙarƙashin ƙasa lamba mai alamar ragi.

Abin da ya fi komai: ku zauna da injiniyan ƙarfe da na lantarki da na ruwa tun ranar farko ku amince da suna ɗaya.

Zan yi wa linta da gindin taga nasu lebul?

A'a. Lebul na bene ne da ake takawa, sai fandisho da rufi da dakin ɗin da tankin ruwa zai zauna a kai. Linta da gindin taga ana auna su ne daga lebul ɗin hawansu. Idan ka yi musu nasu, zanen yanka zai cika da layuka, kuma wata rana za ka tarar wani ya ɗora gado a kan lebul ɗin linta yana shawagi. A ArchiCAD ma abin ya fi tsanani, domin kowane hawa da ka ƙirƙira, manhajar tana ɗaukarsa hawa ne na gaske mai fulan ɗinsa.

Sai batun saman kankare da saman tayil. Tsakaninsu akan sami wajen milimita 50. Mai zane yakan auna daga saman tayil, injiniya daga saman kankare. Ka zaɓi ɗaya a fayil ɗinka, ka rubuta a takarda ƙarara wanne ne.

Jerin mahangaina ya yi tsawo har ba na gane komai. Yaya zan yi?

Lissafa ka gani. Hawa takwas, kowanne da fulan na awo, na kayan ɗaki, na silin, na tayil, na hanyar tsira daga gobara: arba'in ke nan, ba a zo kan zanen yanka ba. Yawan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a cakuɗa mahangar da ake aiki a cikinta da wadda za a buga.

Ka raba su gida biyu. Mahangar aiki taka ce: kunna abin da ka ga dama, ɓoye abin da ya tare ka, sa launi, bar fulan hawan ƙasa yana haskowa ta ƙarƙashi don ka ga ko filoli sun hau kan juna. Mahangar bugu kuwa ba a taɓa ta sai don awo da rubutu. A Revit hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirƙiro wa mahangai wani gurbin bayani naka, ka kira shi Amfani, ka riƙa cika shi da Aiki ko Bugu ko Gwaji, sannan ka umarci Project Browser, wato jerin mahangan da ke gefen allo, ya kasa su folda-folda bisa wannan gurbin, ya kuma jera su bisa lebul. A ArchiCAD rabon a gine yake tun asali. Project Map shi ne ginin kansa, View Map mahangai ne da aka adana da saitinsu, Layout Book kuma takardun bugu. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan fulan kai tsaye daga na farko zuwa na uku. Ka bi ta na tsakiya, kuma ka yi amfani da foldar da ke kwaikwayon jerin hawa da kanta, wadda suke kira Clone: idan aka ƙara hawa na tara, mahangarsa za ta bayyana a ciki da saitin 'yan'uwanta ba tare da ka ɗaga yatsa ba.

Revit yana ba ni hanya uku ta kwafin mahanga. Wacce zan ɗauka?

Ta farko tana ba ka ginin tsirara, babu awo babu rubutu. Ita ce ta fara sabon nau'in fulan. Ta biyu tana kwafo awo da rubutu, amma daga wannan lokacin kowacce ta kama gabanta, gyaran da ka yi a ɗaya ba ya zuwa ɗayar. Ta uku 'ya ce da ke manne da uwarta: sikeli ɗaya, rubutu ɗaya, iyakar abin da take nunawa ce kawai tata.

Dalilin da ya sa ake yawan kwafi shi ne Revit ba ya barin fulan ɗaya ya zauna a takarda biyu. A nan akwai bambanci babba da ArchiCAD wanda ya kamata mai sauya manhaja ya sani. A Revit awo da rubutu mallakar mahangar da aka yi su a ciki ne. A ArchiCAD mallakar hawan ne, suna fitowa a duk mahangan wannan hawa, leya, wato rukunin abubuwa da ake kunnawa ko a kashe, ita ce ke ɓoye su ko ta nuna su. Saboda haka mai ArchiCAD dole ya ware wa awon fulan leyarsa, rubutun silin tasa.

Tamfilet na mahanga dole ne?

A bene, dole ne. Shi ne ke riƙe sikeli da kaurin layi da abin da za a nuna, ya sa hawa na biyu ya yi kama da na shida. Ka ɗaure shi a kan mahangan bugu don ya kulle saitin, kada ka shafa shi sau ɗaya ka wuce. Mahangan aiki ka bar su sake.

Tagar banɗaki ba ta fito daidai a fulan ba, alhali tana nan a zanen fuska. Me ya faru?

Fulan yanka ne da aka yi wa gini a kwance, kamar a sa wuƙa a cire saman kabewa a leƙa ciki. A fayil ɗin Revit na awon mita, wuƙar takan bi ta milimita 1,200 daga bene. Tagar banɗaki da ta fara daga 1,500 ko sama, wuƙar ta wuce ta ƙarƙashinta. Kada ka ɗaga yankan hawan gaba ɗaya, za ka gyara ɗaya ka ɓata goma. Akwai abin da ake kira Plan Region, wanda ke ba ka damar zagaye wurin kaɗai ka ɗaga masa nasa yankan. Shi ne kuma maganin gidan da aka gina a kan gangare, inda rabin hawa ya fi rabi tudu, kamar yadda ake yawan samu a Abuja da Jos.

Ga tarkon da ke kama masu bene. Idan kana saita zurfin gani a cikin tamfilet, ka ce a auna daga lebul ɗin mahangar kanta, saman kuma daga lebul ɗin da ke bisa. Idan ka ambaci wani hawa da sunansa, duk fulan da ya ɗauki tamfilet ɗin zai koma yana kallon wancan hawan.

Hawa na biyu zuwa na biyar iri ɗaya ne. In zana ɗaya in rubuta cewa ya wadatar?

A takarda kana iya buga fulan ɗaya ka rubuta masa 02 zuwa 05. A cikin ginin kwamfuta kuwa sai kowane hawa ya samu bangonsa da ƙofofinsa, in ba haka ba zanen yanka zai fito da rami, lissafin bulo da ƙofofi kuma ya yi ƙasa. Revit yana da hanyar liƙa abin da ka kwafa a kan lebul da yawa lokaci guda, kowanne a gurbinsa daidai. Idan ka dunƙule ɗakunan a rukuni kafin ka liƙa, gyaran ɗaya zai shafi duka. ArchiCAD yana yin wannan da Hotlink.

Ni dai ina taka-tsantsan da kalmar iri ɗaya. Sau da yawa filolin ƙasa sun fi na sama kauri. Hawan ƙarshe yana da matakalar hawa rufi. Na farko yakan zauna a kan shaguna, bututunsa sai sun karkata. Lambobin ƙofofi da na ɗakuna ma ba ɗaya ba ne. Idan bambancin ya wuce abu ɗaya ko biyu, ka ba kowane hawa takardarsa. Kuɗin buga A1 guda uku bai kai na buhun siminti biyar da za a fasa ba.

Ginin ya fi takarda tsawo. In rage sikeli?

Takardar A1 milimita 841 ce a 594. Idan aka cire gefe da akwatin suna, abin da ya rage a tsawo bai fi wajen 700 ba, wato mita 70 a sikelin 1:100, ko mita 35 a 1:50. Ɗakin kwanan ɗalibai mai tsawon mita 65 zai shiga a 1:100, amma ba zai shiga a 1:50 ba. Kada ka ƙirƙiro wani baƙon sikeli don ya shige, magini ba shi da rular da za ta karanta shi. Ka buga cikakken fulan a 1:100, sannan ka yi wani a 1:50 ka raba shi gida biyu da kwafi irin na uwa da 'ya, ka ja layin mahaɗa a inda suka rabu. Ka sa Scope Box, wato akwatin da ke yanke wa mahangai iyaka, ya riƙe iyakar kowane ɓangare, domin ɓangaren gabas na hawa na ɗaya ya yanke daidai inda na hawa na shida ya yanke. A kusurwar kowace takarda ka sa ɗan ƙaramin hoton ginin da aka duhunta ɓangaren da ake ciki.

Ka tuna kuma yawancin takardun da ke isa wurin gini an rage su zuwa A3, wanda rabin A1 ne a awo. Abin da aka rubuta 1:100 ya zama 1:200. Ka zana sandar sikeli a jiki, kuma ka duba ko rubutunka zai karantu bayan an rage.

Yaya zan lambata takardun?

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na ka'idar zanen kwamfuta ta Amurka: harafin fanni, sai lamba. A na mai zanen gini ne, S na injiniyan ƙarfe, E na lantarki. Lambar farko tana faɗin nau'i: 1 fulan, 2 fuska, 3 yanka, 4 wurin da aka faɗaɗa, 5 ƙananan bayanai, 6 jadawali. Dabarar da nake so ita ce lambar ƙarshe ta zama lambar hawa. A-100 na ƙasa, A-103 hawa na uku, fulan silin ɗinsa A-123, na injiniya S-103. Ko ta waya ka ce wa fomin ya buɗe 103, ya san inda yake.

Ka kuma tabbata fulan kowane hawa ya zauna a wuri ɗaya a kan takardarsa. Revit yana da Guide Grid don wannan. Wanda ya ɗora takarda biyu ya ɗaga su ga haske ya kamata ya ga fila a kan fila. Jami'in da ke duba zanenka a hukumar tsara birane ta Kano (KNUPDA) ko ta Kaduna (KASUPDA) ma zai fi saurin gamawa da kai idan takardun suna bin juna haka.

Alamomin zanen yanka sun cika mini kowane fulan.

Yankan gwaji da kake yi don leƙa wani lungu, ka ba su nau'insu dabam, ka sa matata a tamfilet ɗin bugu ta ɓoye su. Na gaske kuma, aƙalla ɗaya ya ratsa ta matakala daga fandisho har rufi.

Zan iya goge mahangan da ba na amfani da su?

Za ka iya, kuma ya kamata, kafin kowace fitar da zane. Revit yana da jeri na musamman da ke nuna mahangan da ba a ɗora a kowace takarda ba. Goge mahanga ba ya taɓa bango, amma yana tafiya da duk awo da rubutun da ke cikinta. Goge lebul kuwa wani abu ne dabam: yana tafiya da fulan ɗinsa da abubuwan da ke zaune a kansa. Haka goge hawa a ArchiCAD. Idan gargaɗi ya fito, ka karanta shi har ƙarshe. In kuna aiki da yawa a fayil ɗaya, kowa ya sa haruffan sunansa a mahangan aikinsa, kada a share wa wani abin da yake tsakiyar yi.

Ofishinmu AutoCAD kawai muke da shi. Wannan bayani ya shafe mu?

Ƙwarai kuwa. Abin da aka saba shi ne a baje duk hawa a fili ɗaya, wannan kusa da wancan, duk inda hannu ya kai. Gyara mafi ƙanƙanta shi ne ka sa tazara ɗaya tsakaninsu, misali mita 100 cif, don ka iya kwafo fila daga hawa zuwa hawa da lamba ba da ido ba. Wanda ya fi shi kyau, kowane hawa ya samu fayil ɗinsa, duka a kan mafari ɗaya, giridi da matakala da ramin lif su zauna a fayil guda da kowa ke janyowa ta Xref, wato hanyar nuna wani fayil a cikin naka. Idan an matsar da giridi, an matsar wa kowa. Takardun kuma Sheet Set Manager, wanda ya shigo tun AutoCAD 2005, zai riƙe maka lambobinsu da sunayensu.

Injiniya ya ce ba ya iya buɗe fayil ɗina.

Mai yiwuwa naka Revit ɗin ya fi nasa sabunta. Revit ba ya adana fayil zuwa tsohuwar shekara, ArchiCAD kuwa yana komawa baya da taki ɗaya ne kawai. Ku daidaita shekarar da za ku yi aiki da ita tun kafin a fara. Idan aikin ya riga ya yi nisa, ka fitar masa da IFC, wato nau'in fayil da manhajojin gini daban-daban ke iya buɗewa. Kafin ka fitar, ka bi lebul ɗinka ɗaya bayan ɗaya ka tabbata waɗanda ke hawa na gaske ne kaɗai aka yi wa alamar Building Story, in ba haka ba zai buɗe ya tarar da hawa goma sha ɗaya a ginin da ke da shida. Ka haɗa masa da PDF na zanen yanka mai nuna sunan kowane lebul da tsayinsa, ya gwada da abin da ya buɗe kafin ya fara lissafin rodi.